Kan Jan Kifi

Lahadi, da hantsi

Ruwan sanyi yana ƙona ni. Na rubuta ne don in ga maganar da idona, ko na yarda da ita. Ɗazu na buɗe famfo zan wanke fuska, na fizge hannu kamar na taɓa garwashi. Mijina, Tela, ya baro keken ɗinkinsa ya zo ya tara nasa hannun, ya ce ruwa ne irin na kullum. Ya tsaya yana kallona, ni ina kallon famfo.

Jiya aka sallamo ni daga asibiti. Likita ta ce in kwanta, in yi ta shan ruwa mai ɗumi, kada in kusanci kifi kowane iri, har busasshe. Na yi dariya, don ni da kifi a wuri ɗaya muke wuni. Aikina ke nan a tashar binciken teku, in zauna gaban madubin ƙara girma ina tantance halittun da ake kwasowa daga tsaunukan murjani, wannan ɗan gidan wane ne, wancan jinsin wane ne. Ita ba ta yi dariya ba.

Bari in rubuta yadda aka yi, ko kaina ya huta da maimaitawa. Ran Laraba da yamma Yaya ya dawo daga su da wani ƙaton jan kifi, irin wanda masunci kan daɗe bai samu ba. Tsokar ya raba wa abokan jirginsa, kan da hantar kuma ya naɗe a leda ya tako har gidanmu. Ya ce, "Auta, wannan naki ne, ke da mutumin da ke cikinki." Inna tana nan ranar, ita ta dafa, amma ba ta ci ba saboda hawan jininta. Tela kuwa tun fil azal ba ya cin kan kifi, wai ba ya cin abin da ke kallonsa. Ni kaɗai na zauna na tsotse shi tas, Yaya yana kallona yana jin daɗi.

Kafin gari ya waye amai da gudawa sun kayar da ni. Leɓɓana suka mutu, haƙorana suka zama kamar in na taɓa za su zube.

Duk wannan ba shi ne ba. Mai Shuri ne. Haka nake kiransa, don tun da cikin ya shiga wata na bakwai bai bar haƙarƙarina sun huta ba. A asibiti ya dinga birgima kamar ana korarsa, har ungozoma ta ɗauke hannunta daga cikina ta fita kiran likita da sauri. Yanzu kuma ya yi shiru. Sun ce zuciyarsa tana bugawa. Haka suka ce.

Lahadi, bayan la'asar

Ya motsa sau ɗaya. Ko kuma hanjina ne.

Litinin, da safe

Inna ta kwaso kayanta ta dawo nan. Ta shimfiɗa tabarma a ɗakin ɗinki, tsakanin yadukan mutane, Tela yana tsallake ƙafarta in zai ɗauki almakashi. Ƙaiƙayi ya fara mini a tafin hannu da tafin ƙafa, irin wanda susa ba ta kai wa gare shi.

Yaya bai zo ba. Bai zo asibiti ba, bai zo gida ba, wayarsa a kashe. Mutumin da in na yi atishawa sai ya turo a tambaya. Na tambayi Inna, ta ce ko in sha shayi. Na tambayi Tela, ya ce zaren da ya saya ba shi da kyau. Daga baya na ji Inna tana faɗa wa wata a waya cewa ai ya zo asibitin, a bakin ƙofa suka haɗu da Tela. Da ta ga inuwata sai ta koma maganar tsadar sabulu.

Talata, bayan azahar

Anti Soso ta zo duba ni. Teburinta yana kusa da nawa a tasha. Soson teku take nazari tun kafin in gama makaranta, shi ya sa sunan ya bi ta, har takardu sukan zo da shi. Ta kawo mini lemo da labarin ofis, sannan ta faɗi sunan ciwon da likita ta riga ta faɗa, sigwatera. Na san sunan. Na karanta shi a littafi kamar yadda ake karanta labarin wata ƙasa.

Inna ce ta ba ni tausayi. Ashe tun ranar take cin kanta, wai ko ba ta dafa shi ya nuna ba, ko ta bar shi ya kwana, ko hannunta ne. Sai da muka zaunar da ita mu biyu. Na ce mata ko wuni aka yi ana tafasa shi gubar ba ta mutuwa, ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano, kifin kuma lafiyarsa lau yake yawo da ita. Ta ce to daga ina ta shiga jikinsa.

Na fara mata daga tushe. Na ce murjani ba dutse ba ne, dabba ce. Ta dube ni ta dubi Anti Soso, ta ce ashe ciwon ya taɓa kai. Murjanin da ta sani na wuya ne. Na ce shi ma gidan dabba ne. 'Yan halittu ne ƙanana masu kama da fure, baki ɗaya a tsakiya da 'yan hannuwa kewaye da shi, dubbansu zaune wuri ɗaya, kowace tana gina wa kanta ɗakin farar ƙasa, ɗaki kan ɗaki har ya zama tsauni a ƙarƙashin ruwa. A cikin namansu kuma akwai wasu ƙwayoyi da ido ba ya gani, masu dafa musu abinci da hasken rana, su ne ma ke ba su launi. In ruwa ya yi zafi ya daɗe, sai murjani ya kori masu dafa masa abinci, ya koɗe ya yi fari fat, yunwa ta kashe shi. Inna ta ce wannan ai wauta ce. Anti Soso ta ce akwai mutane irinsa.

In ya mutu, ciyawar teku ta rufe kangon. A kan ciyawar nan wata ƙwaya mai guba take zama. Ƙananan kifaye masu kiwo su ci, manya su ci ƙanana, gubar tana taruwa tana hawa, har ta ƙare a hanta da kan babban. Wato daidai abin da Yaya ya keɓe mini don ya fi daɗi.

Can Inna ta ce, "To shi yaron fa?" Anti Soso ta fara tattara ɓawon lemo.

Laraba, da hantsi

Ya motsa da safe, a hankali, kamar mai juyi cikin barci. Ba shuri ba ne.

Laraba, da yamma

Ina son in san wane kifi na ci. Jajayen kifayen tsauni suna da yawa, akwai biyu da suke kama kamar tagwaye. Ɗaya ƙaguwa da tsutsa ya fi ci, ɗayan mafarauci ne mai cin 'yan'uwansa kifaye, yana kuma daɗewa a duniya. Ban ga jikin ba, kai kawai na gani, shi ma a yanke. Amma a cikin kan kowane kifi akwai 'yan duwatsu farare a wajen kunne, kowane jinsi da siffar nasa. Na tambayi Inna inda ta zuba ƙasusuwan, ta ce ta binne a bayan gida saboda kyanwowi.

Tela ne ya tona. Mutumin da ko ƙura ba ya so ta hau masa farce. Ya tsuguna da cokali, ya ɗaure hanci da ƙyallen atamfar wata, yana tsince ƙasa da yatsun nan nasa na zura allura, ni ina daga taga ina ce masa ba wannan ba, nemi fari mai kama da ƙwayar wake. Ya samo biyu. Ya wanke su da sabulu, ya kawo mini a murfin kwalba. Sannan ya tsaya a kaina ya ce, ba da faɗa ba, "Ke da wannan ne aikinki, ba ki gane ba?"

Na ce ba a ganewa da ido. Ya ce to. Ya koma kekensa, ya yi ta taka shi alhali na san ba komai a ƙarƙashin allurar.

Juma'a, da safe

Ranar awo. Suka kwantar da ni a ɗakin nan na ƙarshe, mai labule ruwan toka, inda suka kwantar da ni wancan karon da wancan, da na yi ɓari. Na roƙi ungozoma ta canza mini gado, ta ce sauran a cike suke. Na rufe ido har ta gama. Zuciyar tana bugawa, na ji da kunnena, amma likita ta daɗe tana kallon allon. Ta ce babu maganin da ke wanke gubar, jiki ne ke fitar da ita a hankali. Ta ce yawancin waɗanda aka rubuta labarinsu sun sauka lafiya. Na tambaye ta su nawa ne aka rubuta labarin nasu. Ta ce ba su da yawa. Ta ce in riƙa zuwa akai-akai, in kuma na ji shiru ya yi yawa kada in jira gari ya waye.

Asabar, bayan azahar

Anti Soso ta kira. Mafaraucin ne. Ta goge dutsen kunnen da na aika mata ta duba zobbansa, don yana yin zobe duk shekara kamar kututturen itace. Ta ce kifin ya kusa sa'ana. Ina firamare yana can yana tarawa.

Ta ce kuma an kwantar da mutum biyu daga gidajen abokan jirgin Yaya, nasu bai kai nawa ba tunda tsoka suka ci. Ogan tasharmu yana son sanin inda aka kama shi, don a gargaɗi mutane. Abokan jirgin sun ce ba su tuna ba. Kowa ya san sun tuna. In aka rufe wurin, inda suke ci aka rufe.

Lahadi, da magariba

Shiru tun azahar. Na sha ruwa mai zaƙi, na kwanta ta hagu. Shiru. Sannan ya motsa.

Litinin, bayan la'asar

Na ce wa Inna zan je kemis, na hau mota na tafi bakin ruwa inda jirage ke sauka. Warin wurin kaɗai ya tayar mini da ƙaiƙayi har cikin kunne. Na same shi a bayan rumfar injuna, zaune kan jarka yana ɗaura ƙugiyoyi. Ya rame. Da ya gan ni ya miƙe, ya rasa inda zai sa idonsa. Fuskata yake kallo, ko ƙasa, ba ya yarda ya kalli tsakani.

Wannan mutumin shi ya goya ni zuwa makaranta bayan rasuwar Baba. Shi ya fara sa mini gilashin nutso ya danna kaina cikin ruwa, na ga tsaunin murjani a karo na farko, kifaye masu bakin aku suna gwaguyar dutse, bushiyar teku a cikin rami, na ɗago ina ihu ruwa ya cika mini baki. Duk sunayen da nake rubutawa a jikin kwalabe yanzu, shi ya fara nuna mini masu su da yatsa.

Na ce masa ba laifinsa ba ne, na jero masa duk abin da na jero wa Inna. Ya saurara har ƙarshe. Ya ce, "Mijinki gaskiya ya faɗa." Na ce me ya faɗa. Ya ci gaba da ɗaura ƙugiya.

Sai na faɗi abin da ya kawo ni. Ina son ciyawar wurin, daga kan mataccen murjanin, a tsinko a hankali a sa a kwalba da ruwanta. Na kuma gaya masa gaskiya, in na ga abin da nake zato, Oga zai sa a rufe wurin. Ya dubi jiragen da ke jere, ya ce akwai gidajen da tukunyarsu daga wurin nan take. Na ce na sani. Ya ce tsaunin gabas ne, tun bara ya yi fari, yanzu kuma duk ya zama ruwan ƙasa kamar tsohon bargo. Sannan a hankali ya tambaya, "Yana motsi?" Na ce yana yi. Ban ce kamar da ba.

Talata, da safe

Tela ya ji. Wani mai kawo masa ɗinki ya gan ni a bakin ruwa. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Ya ce shekarun nan duk shi ne ke tattara 'yan rigunan jarirai da ya ɗinka ya kai ƙasan akwati kafin in dawo daga asibiti, don kada in gani. Ya ce ba zai iya sake yi ba. Ban taɓa sanin shi ne ke kwashewa ba, na ɗauka Inna ce.

Alhamis, da hantsi

Yaya ya kai kwalaben tasha da kansa, ya miƙa wa Anti Soso ya juya. Ta ce hannunsa duk yanka ne, murjani ko matacce kaifi gare shi. Na ce zan je in duba. Tela ya ce likita ta ce kwanciya. Na ce a zaune ake duba madubi. Ya ɗauki makullin babur, ya kai ni a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, yana kauce wa kowane rami, ya zauna a benci a waje.

Muka girgiza ciyawar a cikin ruwanta, muka tace da rariya mai laushi, na ɗiga ɗigo ɗaya a gilashi. Ban ma nema ba. Ga ƙwayoyin gubar nan birjik, 'yan faya-fayai ruwan zinariya, suna juyawa a hankali kamar ba abin da ya dame su. Kowace ƙwaya ɗaya ce tal, da wutsiya biyu, da ɓawo mai gutsi-gutsi irin na kunkuru. Gidansu Gambierdiscus. Suna da kyau, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

A babban rabe-raben halittu, su da ƙwayoyin da ke ciyar da murjani dangi ɗaya ne. Na sha koya wa ɗalibai haka. Yau na daɗe ina kallonsu da wannan a raina.

Gidan nasu yana da jinsi da yawa. Wasu gubarsu kaɗan ce, wasu kuwa ɗan abu ya isa. Da siffar gutsattsarin ɓawon ake rarrabe su, wannan mai faɗi ne, wancan mai tsini. Na yi ta juya su da gashi guda, ina zanawa ina gogewa, har idona ya fara ruwa. Ɗaya ta yi kama da mai sauƙin, ta kusa da ita ta yi kama da ɗayan. Madubinmu ba zai raba gardamar ba, sai an aika babban ɗakin bincike an duba jininsu, wato asalin halittarsu, kuma amsar ba nan kusa ba.

Anti Soso ta kashe fitilar madubin ina tsaka da dubawa. Ta ce, "Ko kin samu sunansa, ba zai gaya miki komai a kan yaron ba. Tashi, mijinki yana rana."

Juma'a, da yamma

Awo. Yana nan. Bai ƙara nauyi yadda suke so ba.

Lahadi, bayan azahar

An fitar da sanarwa, a daina kama manyan kifaye a tsaunin gabas, kada kuma kowa ya ci kai ko hanta ko ƙwan kifin tsauni. Inna ta ce an daina zama da Yaya a rumfa. In ya zo sai hira ta mutu, mutane su tuna suna da aiki. Wani ma ya kwance masa igiyar jirgi. Shi kuwa wai gida-gida yake bi yana faɗa wa mata su zubar da hantar, har da gidajen da ba a amsa masa sallama.

Tela ya ji wannan a shago, ba a bakina ba. Da muna cin abinci ya ce wai an ce hannun Yaya ya kumbura. Na ce haka na ji. Ya ce yankan murjani yana son a wanke shi sosai, ni na taɓa gaya masa.

Talata, da safe

Ƙaiƙayin ya ragu. Na ci gyaɗa jiya ya dawo kamar sabo. Ashe har gyaɗa.

Laraba, bayan la'asar

Na kasa karatu, na kasa barci. Na zauna ina jera sunaye a kaina kamar mai jan carbi, murjani mai ƙaho, murjani mai kamar ƙwaƙwalwa, mai kamar faranti, mai laushi da ba ya gina gida, soso, tauraron teku, kokwambar teku. Kowa da gidansa, kowa da danginsa. In na kai ƙarshe sai in ɗora hannu in jira. In ban ji komai ba in koma farko.

Inna ta ce in daina ƙirga motsinsa, yaro ba agogo ba ne. Ita ma na kama ta tana kallon cikina daga ƙofar kicin, bakinta yana motsi.

Alhamis, da azahar

Tun jiya da yamma ban ji shi ba. Ruwa mai zaƙi, hagu, dama. Tela ya tafi nemo mota. Inna tana haɗa jaka. Ban san me ya sa nake rubutu ba.

Litinin, da hantsi

Mace ce. Mai Shuri mace ce, duk wannan dukan da na sha.

Da muka isa bugun zuciyar yana sauka yana hawa. Likita ta ce ba za ta jira ba. Na sa hannu a takarda, Tela ma ya sa. Abin da na tuna na ƙarshe fitilar sama ce, da muryar wata tana ce mini in ja numfashi. Da na farka Inna ce a kaina, na kasa tambaya, ita kuma ta kasa magana, sai gyaɗa kai take yi tana kuka, na rasa wane irin gyaɗa kai ne, har sai da ungozoma ta zo ta ce jaririyar tana nan, tana kwalbar jarirai.

Jiya aka tura ni a keke na gan ta. 'Yar mitsitsiya, gashi cike da kai, yatsu dogaye irin na ubanta. In tana kuka, gefe ɗaya na fuskarta ba ya motsi, bakin ya karkace. Likita ta ce ta karanta irin haka a wani jariri kuma ya warware cikin makonni, tana sa ran haka, amma ba za ta yi mini alkawari ba. Ta kuma ce in dakata da ba ta nono har jikina ya wanke. Ina matsewa ina zubarwa. Wannan ba zan rubuta komai a kansa ba.

Laraba, da yamma

An fitar da ita daga kwalba, amma tana ɗakin jarirai, mutum ɗaya-ɗaya ake bari ya shiga. Ɗazu da ta yi hamma na ga kamar gefen ya ɗan ja. Inna ta ce ita ma ta gani. Ungozoma ta ce mu biyun ba shaidu ba ne.

Tun da safe Tela ya fita bai ce inda za shi ba. Bayan la'asar ina zaune a bakin ɗakin jarirai sai ga shi a ƙarshen baranda, Yaya yana biye da shi, hannu naɗe da bandeji, da kayan kamun kifi a jikinsa. Daga jirgi Tela ya ɗauko shi. Ba sa magana da juna. Ban san abin da aka faɗa a ƙofar asibitin nan wancan karon ba, ban san wanda aka faɗa yau ba, na kuma ga alama ba mai gaya mini.

Yaya ya gaishe ni daga nesa, ya tsaya jikin bango. Tela ya ce masa ya shiga. Ya ce a'a, ta taga ma ya isa. Tela ya sake cewa ya shiga. Sai ma'aikaciyar ɗakin ta fito ta dube shi sama da ƙasa, ta ce da wannan rigar mai warin teku ba mai shigar mata wurin jarirai. Na ga Yaya ya ji daɗin samun hujja, har ya fara juyawa.

Tela ya kwance maɓallan rigarsa, fara ce, wadda ya ɗinka wa kansa ya ajiye don ranar da za a sallame mu. Ya cire ya miƙa masa. Yaya ya tsaya yana kallonta. Tela ya ce, "Yaya, karɓi, mutane suna kallona."

Hannun rigar bai kai masa wuyan hannu ba, maɓallin sama ya ƙi shiga. Ma'aikaciyar ta sa ya wanke hannunsa mai lafiya har gwiwa, ta zaunar da shi, ta ɗora masa ita. Ta gilashi nake kallo. Ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna rawa, yana ta yi mata magana, ban ji me yake cewa ba.

Lokacin ziyara ya wuce tun ɗazu. Ma'aikaciyar ta leƙo ta tambayi mai rigar ko ta fito da baƙon. Tela yana zaune a benci da singileti, ya rungume hannuwa saboda iskar fanka. Ya ce ta ƙyale shi, ba sauri yake ba.